Daga Kunamar Bindiga Zuwa Haƙarƙarin Barewa

Daga watan Disamba, idan ciyawar arewa ta bushe aka fara sa mata wuta, akan ga wasu dogayen akwatuna masu kwado suna fitowa cikin kayan fasinja a filin jirgin saman Duwala. Bindigogin farauta ne. Masu su, galibi daga Amurka da ƙasashen Turai, ba sa daɗewa a garin. Kwastan su duba lambar bindiga da takardar izini, a kwana a otal, washegari a wuce Garwa ko Ngaundare. Filin jirgin kuwa maƙwabcin New Bell ne, ƙarar tashin jiragen har cikin lungunan unguwar Hausawa take shiga.

A New Bell babu daji, naman dawan da ke yawo da ƙafarsa a wurin bai wuce gafiyar kwata ba. Amma zancen harbi bai bar unguwar ba, sai dai yanzu wayar hannu ce ke kawo shi. A Facebook da YouTube akwai bidiyoyi birjik na Turawa kwance a kan tsauni, na'ura ta nuna mita 700 ko 800, a ja kunama, a ɗan jira, sai wata dabba can ƙarshen gani ta kife. Wani lokaci ma tana cikin tafiya. Irin wannan bidiyo idan ya zagaya teburin mai shayi, akan ji matashi ya ce, "Baba, ka ga aikin gwani." Dattijon da ya taso a Banyo ko Tibati ya miƙa masa wayarsa ya ce, "Ɗana, waɗanda ya fasa wa ciki suka gudu fa, ya ɗauki hotonsu?"

Tambayar dattijon ta fi bidiyon nauyi. Harbin dabba mai gudu tsohon abu ne, ya girmi bindiga. Harbin nesa sabo ne, kayan aikinsa ba su daɗe da shigowa hannun farar hula ba. Haɗa su biyun a harbi ɗaya shi ne abin da ko a Amurka, inda yayin ya tashi, mafarauta ba su gama musu a kai ba.

Unguwar tana da hurumin sa baki, domin akwai farauta a tushenta. Jamusawa ne suka yanka New Bell lokacin da suka ƙwace filayen mutanen Duwala na bakin kogin Wuri, suka ce su koma bayan gari, da fili mai faɗin kilomita 1 tsakaninsu da unguwar Turawa. Shugabansu Rudolf Duala Manga Bell ya ja da Jamusawan, suka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914. 'Yan ƙasa da yawa ba su zauna inda aka tura su ba, sai baƙi suka cike wurin: Bamileke, Basa, Ewondo, mutanen Afirka ta Yamma, da Hausawa, waɗanda har gobe akwai ɓangaren unguwar da ke amsa sunansu. Hausawan nan kuwa hanyar da kakanninsu suka share suka biyo. Tun ƙarni na 19 fatake ke ratsa Adamawa, daga Yola zuwa Banyo, Tibati, Ngaundare, har ƙasar Wute, suna neman hauren giwa. Masaniyar tarihi Marion Johnson ta yi rubutu a 1978 kan yadda aka yi ja-in-ja a kan hauren Kamaru tsakanin jiragen ruwan Turawa da ke jira a bakin teku da ayarin da ke kai shi Kano, daga can raƙuma su tsallaka Sahara da shi zuwa Tarabulus.

Maharbin da ke kayar da giwar a wancan zamani sango yake amfani da shi: ƙarfe mai kaifi a kan guntun itace, an shafe shi da dafin kwankwani, a cusa a bakin bindigar toka, albarushi ya tura shi. Abu ne mai nauyi, ba ya zuwa ko'ina. Dole mai harbin ya bi iska, ya yi sanɗa har ya ji kukan cikin giwar, sannan ya saki, ya san kuma inda zai ruga. Bayan haka sai bin sawu har dafin ya kai zuciya.

Ga ƙananan namun dawa kuma akwai dabarar burtu. Maharbi ya sassaƙa kan tsuntsun da itace, ya lulluɓe da fata, ya ɗaura a goshi, ya durƙusa cikin ciyawa yana kaɗa shi kamar burtu na kiwo. Barewa ta saba da burtu, ba ta gudunsa. Da haka zai ci tazarar, taku bayan taku, har kibiya ta isa. Duk ilimin maharban Hausa a kan rage nisa aka gina shi, kuma ba don tsoron Allah kaɗai ba: kibiya ba ta fi mita 50 zuwa 60 a sakan ba, ƙarar tsirkiya kuwa da gudun sauti take tafiya, mita 340 a sakan, saboda haka dabbar da ke nesa tana jin sakin kafin kibiyar ta iso, ta zabura.

Bindigar zamani ta kau da wannan matsala, harsashinta ya fi sauti gudu. Amma ba ta kau da lokaci ba. Ɗauki bindiga mai lamba .308, wadda ta yaɗu a duniya. Harsashinta na barin baki da gudun mita 800 a sakan ko ɗoriya, iska kuma na rage masa ƙarfi tun daga nan. Mita 100 na cin masa kimanin kashi 13 cikin 100 na sakan. Mita 300, kashi 4 cikin 10 da 'yan kai. Mita 500, kashi 3 cikin 4. Kafin ya kai mita 800 ya yi kusan sakan ɗaya da rabi a hanya.

A cikin wannan ɗan lokaci dabbar ba ta jiran kowa. Makasar mariya, wato wurin zuciya da huhu a bayan allon kafaɗa, ba ta wuce taƙi ɗaya ba, santimita 20 zuwa 25. Idan tafiyar kiwo kawai take yi, kilomita 5 a awa, a mita 100 za ta gusa santimita 18 kafin harsashi ya iso. A mita 300 za ta gusa kusan santimita 60, ma'ana harsashin da aka saita a kafaɗa a tumbi ko a ƙugu zai sauka. A mita 800 ta ci mita 2, ta bar wurin gaba ɗaya. Wannan duk tafiya ce. Idan ta sheƙa da gudu, kilomita 50 a awa, mai harbi daga mita 100 sai ya saita kusan mita 2 a gabanta, daga mita 300 kuwa kusan mita 6. Wato ya harbi sarari, yana fatan ita da harsashin su haɗu a can.

A nan ne lissafin ke cin amanar mai shi. Ba wanda ke auna gudun barewa da ido ya samu daidai. A ce ya yi kuskuren kashi 10 cikin 100 kacal, yana zaton kilomita 45 take yi alhali 50 ce. A mita 100 kuskuren santimita 18 ne, yana iya dacewa ya taɓa bayan huhu ko hanta. A mita 300 kuskuren ya haura rabin mita. Sannan barewa ba a miƙe take gudu ba, tsalle take yi, ƙirjinta na hawa yana sauka, ta kauce wa suri, ta zagaye kututture. Idan kuma a karkace take tafiya, tazarar da za a ba ta a gaba ta canza: a kusurwar digiri 30 rabi ce, a digiri 45 kashi 7 cikin 10. Duk wannan a ƙwaƙwalwa za a yi shi, cikin sakan biyu ko uku, zuciya na bugawa, ga kuma kusan kashi 2 cikin 10 na sakan da ke wucewa tsakanin niyyar harbi da motsin yatsa.

Yaron da ke jefa wa ɗan bensikin, wato ɗan acaɓa, ledar ruwa a bakin Kasuwar Santaral ya san asalin dabarar, ba ya jefawa inda babur yake, gaba yake jefawa. Masu koyar da harbi ma abin da suke koyarwa ke nan, ta hanyoyi daban-daban. Wani ya riƙe bakin bindiga a gaban dabbar yana tafiya da ita, ya ja kunama hannu bai tsaya ba. Wani ya taso daga bayanta ya wuce ta, ya saki yayin wucewa. Mai harbin nesa, da yake kwance yake bindiga a kan ƙafafu, yakan zaɓi wata ƙofa tsakanin itatuwa ya jira ta shigo. Kuskuren da ya fi yawa shi ne tsayar da hannu a daidai lokacin jan kunama, harsashi ya faɗa baya. Baya kuwa a jikin dabba ciki ne da cinya.

Masu kayan zamani za su ce ai na'ura ta ɗauke wannan wahala. Ta ɗauke wani ɓangare, gaskiya ne. Na'urar auna nisa mai hasken leza tana faɗin tazara kusan daidai. Manhajar waya tana lissafa faɗuwar harsashi, wadda a mita 500 ta wuce mita ɗaya da rabi ga bindigar da aka saita a mita 100, a murɗa madubi a gyara. Nisa da faɗuwa ba sa canzawa bayan an auna su. Iska ce ba ta da amana. Iskar gefe mai gudun kilomita 16 a awa tana kautar da harsashin .308 kusan taƙi guda a mita 300, fiye da rabin mita a mita 500, ma'aunin iskar kuma inda mai harbi yake kwance kawai yake aunawa, bai san abin da ke kaɗawa a cikin kwarin da ke tsakani ba. Madubin da ya kusanto da dabbar sau 20 ya kuma ƙuntata abin da ido ke gani, ta yadda mai gudu kan fice daga cikinsa kafin a kama ta. Babu kuma na'urar da ta san abin da barewa za ta yi a sakan mai zuwa. Ko wadda ke tsaye cik a mita 800, taku ɗaya na kiwo ya isa ya mai da harbin zuciya harbin hanji.

Abin lura shi ne nisan da waɗanda suka mai da harbin abu mai gudu sana'a suka tsaya a kai. A gasar Olamfik ta Landan a 1908 an yi harbin hoton barewa mai gudu daga kimanin mita 100. Oscar Swahn na Suwidin ya ci zinare a nan yana da shekara 60, ya kuma sake cin azurfa a Antwerp a 1920 yana da 72, har yau babu ɗan wasan da ya karɓi lambar Olamfik da shekaru fiye da haka. Daga 1972 zuwa 1988 hoton aladen daji ake harbi daga mita 50, yana ratsa ƙofa mai faɗin mita 10 cikin sakan 5 ko sakan 2 da rabi. A Suwidin, inda ake farautar wata ƙatuwar dabbar daji mai girman doki da suke kira elg, filin gwajin mafarauta mita 80 ne, hoton na tsaye sannan na gudu, ƙungiyoyin farauta da yawa kuma ba sa fita da mutum sai ya sabunta gwajinsa. Waɗannan fa hotuna ne a kan dogo, gudunsu sananne, hanyarsu miƙaƙƙiya, amma ba wanda ya ga dalilin kai su mita 300.

Akwai kuma alƙaluma daga ainihin daji. A 2014 Nicholas Aebischer da abokan aikinsa sun wallafa bincike a mujallar PLOS ONE kan harbin barewa a Birtaniya: mafarauta 102, harbi 2,281. Kashi 96 cikin 100 sun sami dabbar, a cikin waɗanda aka samu kuma kashi 93 sun mutu nan take. Da aka duba abin da ke jawo raunata dabba maimakon kashe ta, sai ga zama marar daɗi, ƙarancin lokaci, dabba a cikin ƙurmi ko tana motsi, da nisa idan ya haɗu da gaggawa. Dabba mai gudu a nesa ta tara uku daga ciki a harbi ɗaya.

Wanda ya fi kowa fahimtar wannan a New Bell mai yiwuwa bai taɓa riƙe bindiga ba. Mahauci ne. Shanun da Duwala ke ci daga Adamawa da arewa suke gangarowa, a tirela ko a jirgin ƙasan da ya isa Ngaundare tun 1974, a yanka da yawansu a mayankar SODEPA da ke Bonendale, tsallaken gadar Wuri, naman ya watsu zuwa kasuwanni da tukubar masu soya. Mutumin da ya feɗe dubban dabbobi ya san tazarar da ke tsakanin huhu da tumbi, ya san kuma abin da ke faruwa idan wuƙa ta kuskure ta huda tumbin: dattin ciki ya malale a kan nama, wari ya kama shi, a zafin Duwala da laimarta kafin la'asar ya tashi daga aiki. Harsashin da ya ratsa ciki haka yake yi, da ƙarfi ma, sannan dabbar ba ta faɗuwa. Za ta yi awanni tana tafiya, wani lokaci kwana.

Mahauta sun san wani abu kuma. Saniyar da aka wahalar kafin yanka, aka kora aka doka, namanta duhu yake yi, ya yi tauri, bai daɗe ba ya lalace. Masana nama sun bayyana dalilin: gudu da firgita na ƙone sukarin da ke ajiye a tsoka, wanda shi ne ke rikiɗa ya ba nama ɗan tsamin da ke hana shi saurin ruɓa. Naman barewar da ta yi kilomita biyu da harsashi a ciki ba shi da wata daraja a faranti.

Malaman zaure su ma suna da abin cewa, kuma tsohuwar magana ce. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, littafin da duk almajirin Malikiyya ya ratsa, ta ce farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba halas. Abin da kibiya ko mashi ya kashe ana ci idan an ambaci sunan Allah wajen saki. Idan an tarar da dabbar da sauran rai dole a yanka. Idan ta ɓace har ta kwana ba a gan ta ba, ba a ci, ko da yake akwai ƙaulin da ya sassauta idan an sami kibiyar a makasa. Muhtasar na Halil ya ƙara da cewa mafaraucin da ya yi sakaci wajen bin abin da ya harba, ko ya isa ba wuƙa a kusa har dabbar ta cika, ya yi asarar naman. Da bindiga ta zo, malaman Fas a Maroko sun yi fatawar halaccin abin da harsashin dalma ya kashe.

A ɗora waɗannan sharuɗɗa a kan harbin mita 800. Kafin mutum ya tashi, ya sauka kwari, ya haura, ya gano ainihin inda dabbar take tsaye, minti 15 ko 20 sun wuce, daga nesa kuma duk duwatsu kama ɗaya suke yi. Yiwuwar samun ta da rai a yanka ta ragu, yiwuwar ta ɓace ta kwana ta ƙaru. Ga hadisin da Muslim ya ruwaito na hana mai da abu mai rai abin gwajin harbi. Mutumin da ke iya matsawa kusa amma ya ja da baya don lambar da za ta fito a bidiyo, da wuya a ce wannan hani bai shafe shi ba.

Su kuma masu dogayen akwatunan nan, abin da suke tararwa a arewa bai yi kama da bidiyon ba. Jihar Arewa tana da gandun daji uku, Benuwai da Buba Njida da aka ɗaga darajarsu a 1968 da Faro a 1980, kewaye da yankunan farauta da gwamnati ke ba kamfanoni haya. Gaba ɗaya sun ci sama da kashi 40 cikin 100 na faɗin jihar. Babban abin da ke kawo baƙi shi ne dabbar da Fulani ke kira yamusa, mafi girman dangin gwanki, mai murɗaɗɗen ƙaho, wadda namijinta kan kusanci tan guda. A ƙafa ake bin ta. Masu bin sawu 'yan yankin su ɗauki sawun garke da asuba a bakin gishiri ko mashaya, a yi ta tafiya cikin zafi, yamusa na ci tana tafiya, mutane na biye. Dajin na itatuwa ne, sau da yawa ba ya barin a ga abin da ya wuce mita 200. Hazon hunturu na rage gani, da rana ta take kuma kawalwalniya ta sa hoton cikin madubi rawa.

Bindigar da aka fi zuwa da ita .375 ce, wadda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912, domin a dajin akwai ɓauna. Harsashinta mai nauyi ne, gudunsa kimanin mita 770 a sakan, ba don nesa aka yi ta ba. A mita 200 yamusa mai tafiya za ta gusa kusan santimita 40 kafin ya iso. Shi ya sa jagoran farauta kan kafa sanduna uku, baƙo ya ɗora bindiga, a jira sa ya tsaya ya ba da gefe. Wasu kan yi ɗan fito ko tari don dabbar ta tsaya ta waiga. Sakan biyu ne, kuma su ake nema tun asuba.

Akwai dalilin aljihu a ciki. Al'adar safari a ko'ina a Afirka ita ce jini ɗigo ɗaya idan ya zuba an biya kuɗin dabbar, an kuma cire ta daga kason da aka ba mutum, ko an same ta ko ba a samu ba. Dokokin Kamaru ma sun ɗora wa wanda ya raunata dabba nauyin yin iya ƙoƙarinsa ya ƙarasa ta, in ya kasa ya sanar da hukuma. Dokar gandun daji da namun dawa ta 20 ga Janairu 1994 ta kasa dabbobi aji uku, A, B da C, ta hana bin dabba ko harbinta daga mota, ta hana farautar dare da fitila, da wuta, da guba. Dokar 24 ga Yuli 2024 da ta maye gurbinta ta tsananta hukunci a kan masu kashe dabbobin da aka kare. Sannan dajin ba kango ba ne. Da rani makiyaya na shigowa da shanu daga Najeriya da Chadi, masu haƙar zinare na cikin rafuka, harsashin da ya kuskure kuwa yana iya tafiyar fiye da kilomita 3. Mai bin dabba mai gudu da madubi idonsa na kanta, ba ya ganin abin da ke bayanta.

Masu harbin nesa suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa dabbar da ke mita 500 ba ta san da kai ba, tana tsaye hankali kwance, kana da lokacin aunawa da numfasawa, wanda ya fi harbin gaggawa a mita 80 a kan wadda ta riga ta firgita. A tsaunukan yammacin Amurka, inda kwari ke raba mutum da abin da yake nema, wani lokaci babu hanyar matsawa. Wanda ke ƙone dubban harsasai a shekara a filin gwaji, mita 400 a wurinsa ta fi mita 150 sauƙi a wurin mai fito da bindiga sau ɗaya a shekara. Ƙungiyar Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt ya kafa a 1887, da ta fitar da matsayinta a 2014 ba ta yanka adadin mita ba, ta mai da batun kan niyya: ana ƙoƙarin kusantar dabbar ne, ko ana gwada kayan aiki a jikinta. Sai dai duk ƙarfin wannan hujja a kan kalmar tsaye ya rataya. Da zarar dabbar ta ɗaga ƙafa, lokacin da ake taƙama da shi ya tafi, nisan kaɗai ya rage.

Wuri ɗaya ne harbin mai gudu ke zama wajibi ko daga ina: idan an riga an raunata ta. A nan babu jiran ta tsaya, a yi ta harbi muddin ana ganinta kuma bayanta babu kowa, domin kowane harsashi na rage mata wahala, yana kuma rage haɗarin ɓaunar da za ta shiga dogon ciyawa ta jira masu bin sawu. Wannan ne dalilin da ya sa ya kamata kowane mafarauci ya koyi harbin abu mai motsi a filin gwaji, ko da bai yi niyyar fara harbi da shi ba. A kurmin kudu maso gabas, wajen Yokaduma da Lobeke, batun nisa ma ba ya tasowa: 'yan ƙabilar Baka ne ke bin sawun bongo, wani dangin gwanki na kurmi, karnuka su tsayar da shi, a harba daga 'yan takuna.

In don lafiyar namun dawan Kamaru ne, duk wannan musu ƙaramin abu ne. A farkon 2012 mahaya dawakai ɗauke da kalashinkof suka shigo Buba Njida daga wajen Chadi da Sudan, suka kashe giwaye ɗaruruwa cikin 'yan makonni, ƙiyasi ya kama daga 200 zuwa fiye da 600, sai da aka tura sojoji. Baƙar karkandar yamma, wadda arewacin Kamaru ne mafakarta ta ƙarshe, an neme ta a 2006 ba a ga ko ɗaya ba, a 2011 aka ayyana ta ƙare. Babu madubin hangen nesa a cikin waɗannan labarai.

Naman dawan da ke shigowa kasuwannin Duwala, ƙyafaffe baƙi ƙirin, wanda Musulmin New Bell da yawa ba sa kusanta don ba su san wanda ya yanka ba, shi ma ba daga harbin gwaninta yake fitowa ba. Mai farauta don kasuwa ƙirga katirij yake yi, kowanne da kuɗinsa, ba zai jefa shi a kan gada mai gudu ba. Yakan toshe hanci ya kwaikwayi kukanta ta zo da ƙafarta, ko ya fita da dare da fitilar goshi, haske ya daskarar da ita, ya harba daga mita 15 ko 20. Mafi yawa ma ba bindiga, tarkon waya ne, ɗaruruwa a jere cikin kurmi, ana zagaya su bayan kwanaki. Dokar 1994 da ƙa'idojinta na 1995 sun taƙaita farautar gargajiya ga kayan da aka yi da tsiro, don ci ba don sayarwa ba, saboda haka wayar ƙarfe ba ta ciki. Andrew Noss, wanda ya bi masu tarko a Bayanga ta Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, dab da iyakar Kamaru, ya ruwaito a 1998 cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da tarkon ya kama ruɓewa yake yi ko wasu namun su cinye kafin mai shi ya dawo, ban da waɗanda ke tsinke wayar su tsere da rauni.